Kafin ka sayi jitar lantarki, ɗauke ta ka rungume

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da samarin da ke sha'awar jitar lantarki. Ni mai gyaran rediyo da amfilifaya ne, kuma ina taɓa jita tun ina saurayi, ko da yake ban taɓa zama gwani ba. Kusan duk yaron da ya kawo mini amfilifaya gyara sai ya tambaye ni, "Baba, wace jita ce ta fi kowacce?" Abin da yake so in ambata masa shi ne sunan kamfani. Ni kuwa sai in fara masa da tarihi, har ya ƙosa.

Jitar lantarki larura ce ta haife ta. A Amurka, a zamanin manyan ƙungiyoyin kiɗa masu kakaki da ganguna, mai jita yana zaune a baya yana ta fama, ba mai jin sa. George Beauchamp ya yi dabara: ya naɗe siririyar wayar tagulla a kusa da maganaɗisu, ya sa a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe. Idan tsirkiya ta girgiza sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. Wannan shi ne abin da makaɗa ke kira fikof. Shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da tasu a Los Angeles a 1932, mai ɗan jiki kewayayye da dogon wuya, har aka yi mata laƙabi da kaskon suya. A 1936 kamfanin Gibson ya fito da jitar ES-150, wadda makaɗi Charlie Christian ya nuna wa duniya cewa jita ma tana iya jan waƙa ita kaɗai kamar algaita. Sai dai cikinta rami ne, ana ƙara murya sai ta kama kuka. Shi ya sa wani makaɗi mai suna Les Paul ya ɗauko gungumen katako ya ɗora masa wuya da tsirkiya, ya kai wa Gibson, suka ƙi karɓa a lokacin.

Wanda ya fi burge ni shi ne Leo Fender, don ɗan sana'armu ne. Shagon gyaran rediyo yake da shi a Fullerton ta jihar Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba. Tunanin mai gyara ya yi: allon katako guda, wuya a ɗaure da sukuru huɗu, idan ya lalace a kwance a sa wani. A 1950 ya fito da Esquire da Broadcaster, kamfanin Gretsch ya ce sunan Broadcaster ya yi kama da na gangunansa, sai ta koma Telecaster a 1951. Gibson da ya ga kasuwa za ta kuɓuce masa ya nemo Les Paul, ya fito da jita mai sunansa a 1952, Fender ya rama da Stratocaster a 1954. Yawancin jitocin da ake rataye a shaguna yau, duk sunan da ke kansu, jikokin Telecaster da Les Paul da Stratocaster ne.

To ga inda tarihin zai yi wa mai saye amfani. Fikof mai naɗi ɗaya, irin na Fender, muryarsa garau take, amma yana kwaso gunjin wutar lantarki; ka tsaya kusa da wata fitila ko firiji ka ji yadda yake zuuu. Seth Lover na Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, suka cinye gunjin, aka fara sa wa Les Paul a 1957. Muryar wannan ta fi kauri da duhu. Babu wanda ya fi wani, kunnenka ne alƙali. Tsawon tsirkiya ma ya bambanta: inci 25.5 a Fender, 24.75 a Gibson. Mai gajerun yatsu zai ji bambancin cikin minti biyar. Sai nauyi. Les Paul kan kai kilo huɗu ko fiye. A zaune ba komai, amma rataya ta a kafaɗa awa biyu ka ba ni labari.

Jitata ta farko launi na saya. Ja ce wur, tana sheƙi, ban ko bari an jona ta ba na biya. Da na kai gida na ga tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya har fensir yana shiga tsakani. Wata uku ina danna su, kan yatsuna ya yi kanta ya fashe, ina zaton ni ne ba ni da baiwa. Ashe wuyan ne ya lanƙwashe kamar baka, ƙarfen da ke cikinsa na miƙar da shi kuma ya ƙi juyawa. Abin dariya, Fender kansa ya sha wannan: Esquire ɗin farko ba su da ƙarfen, wuyansu ya riƙa lanƙwasa har ya sa shi.

Saboda haka, yarana, ku ɗaga jitar ku kai ta daidai ido ku hango wuyan daga ƙarshe zuwa ƙarshe, yadda kafinta ke duba katako. Ku kaɗa ta ba tare da wuta ba tukuna, ku danna kowane gida, wato tsakanin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan, ku saurari inda take ƙarar ƙarfe. Ku shafa gefen wuyan, kada bakin ƙarafan ya yanki hannu. Ku kaɗa tsirkiya a sake, sannan ku danna ta a gida na 12: murya ɗaya ya kamata ku ji, ta biyun dai ta fi sama. Bayan haka a jona, a murɗa kowane maɓalli, a girgiza wayar a bakin raminta. Ƙaf-ƙaf ɗin da za ku ji galibi dalma ce ta saki, wannan aikin minti goma ne a wurina, ba abin fasa ciniki ba ne. Wuyan da ya murɗe kuwa ku bar wa mai shi kayansa.

Squier ta Fender ce, Epiphone ta Gibson, ga kuma Yamaha Pacifica. Duk sun ishi mai koyo shekaru. Kuma kada kuɗin ya ƙare a jitar, domin rabin muryar a amfilifaya take. Jar jitar nan tawa tana nan rataye a bango. Fikof ɗinta na ciro na sa wa wata baƙa mai ƙujewar fenti, ita nake kaɗawa da daddare.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karatu, tsohon mai gyaran rediyo