Zuwa ga aminina a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya gida, ya ƙafar Hajiya? Tun da ka yi amarya ko gaisuwar Juma'a ka daina turo mana. Allah ya bar ku tare, amma a riƙa tunawa da na nesa, ango.

Ka taɓa tambayata wurin da Kipchoge, ɗan tseren nan na Kenya, ya yi gudun fanfalakin nan na 2019, wanda ya gama cikin ƙasa da awa biyu. Ai nan Viyana ne, babban birnin Ostiriya, a lambun Prater, kan wata hanya miƙaƙƙiya sambal mai fiye da kilomita 4, itatuwa dama da hagu. Da can dajin farautar sarakuna ne, talaka bai isa ya sa ƙafa ba, sai a 1766 Sarki Joseph na biyu ya buɗe wa kowa. Nan da nan masu abinci da masu wasanni suka kafa rumfuna. Ƙaton lilon nan mai juyawa kamar taya da kake gani a hotuna an gina shi a 1897, tsawonsa ya kusa mita 65. Ya ƙone a yaƙin duniya na biyu, da aka gyara sai aka mayar masa da ɗakuna 15 maimakon 30. Kai da tsanin masallaci ke sa ka jiri, ba zan ɓata kuɗina in sayo maka tikiti ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. A 1896 an kwaso mutane daga Ghana, lokacin ana ce mata Gold Coast, maza da mata da yara, aka kafa musu bukkoki a gidan namun dajin da ke gefen lambun a lokacin, aka sa wa wurin suna ƙauyen Ashanti. Jama'ar gari su biya kuɗi a ƙofa, su tsaya suna kallon mace tana girki, uwa tana goyon ɗanta. A gidan namun daji, aminina! Kuma shekarar ce Ingilishi suka kama Sarkin Ashanti Prempeh suka fitar da shi daga Kumasi. Ranar Lahadi na zauna a benci ina kallon yara suna shan askirim, wata tsohuwa tana jan karenta sanye da rigar sanyi, zuciyata sai tafasa take yi. Lambun yana da kyau ƙwarai, zan ci gaba da zuwa, amma raina ya ɓaci da yadda ake ta yayata labarin lilo, na mutanen nan kuwa sai ka tona kafin ka ji. Don Allah ka tambayi dattawan Zango ko sun taɓa jin wannan daga bakin kakanninsu.

Wai da gaske ne Dogo ya sayar da babur ɗin nan ya shiga harkar goro? Wa ya ba shi wannan shawara? Ka ce masa bashin yajin da ya yi min alkawari yana nan. Idan Alhaji ƙarami zai taso a watan gobe, a haɗo min da kuka da daddawa, a ɗaure da kyau saboda masu bincike a filin jirgi.

Ka gaishe min da amarya da Gwaggo.

Naka har kullum.