Koke Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Abincin Da Ake Zubarwa A Lokacin Sallah

Mai Alfarma Sarkin Musulmi,
Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne mazauna Runjin Sambo, Dundaye da Kwalkwalawa, tare da wasu ɗalibai da ke zaune a cikinmu. Kukanmu a kan abincin Sallah ne, wanda muke ganin ana kwashewa zuwa bola kwana biyu ko uku bayan Idi.

Ranka ya daɗe, jami'ar da muke maƙwabtaka da ita an kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, sai a 1988 aka mayar da ita Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Waɗanda suka zaɓi sunan sun san wanda suka zaɓa: malamin da ya yi wa sarakunan zamaninsa wa'azi kan cin dukiyar talakawa da rayuwar ƙawa, ya zauna da ɗan abin da ya ishe shi har ya rasu a 1817. Duk ɗalibin da ya gama karatu a nan da sunan Shehu yake fita a kan takardar shaidarsa. Mu da muke kwana muna tashi kusa da Hubbare, a ganinmu nauyin sunan ya fi hawa kanmu.

To ga abin da ke faruwa. Shekarun nan Babbar Sallah cikin zafi take faɗowa, kuma zafin Sakkwato kan haura digiri 40. A yanka rago, a rataye shi, washegari a tsaya ziyara ba a soya ba. Wani ya cusa naman a firji, a ɗauke wuta, kafin a farga ya yi wari. Kayan ciki su ne farkon lalacewa. Ƙaramar Sallah kuma matsalarta tuwo da waina da shinkafa: gidaje masu hali suna ta aika wa juna kwano, kowa ya ƙoshi, ragowar ta kwana ta yi yauƙi. Ba rowa ke jawo wannan ba, mun shaida. Rabon ne yake zagayawa tsakanin waɗanda suka riga suka samu.

Alhali a garin nan akwai 'yan gudun hijira daga Sabon Birni, Isa da Rabah da 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Akwai masu jinya a asibitoci, da almajirai, da ɗaliban da kuɗin mota ya hana su tafiya gida. Allah ya ce mu ci, mu sha, kada mu yi ɓarna, ya kuma yi umarni a ciyar da mai roƙo da wanda ba ya roƙo daga naman hadaya. Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi (SAW) ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabuƙatan da suka shigo Madina, daga baya ya yi izini.

Roƙonmu shi ne Mai Alfarma ya umarci limaman Juma'a su keɓe huɗubar da ke gaban kowace Sallah ga wannan magana. Hakimai da masu unguwanni kuma su tsayar da wuri ɗaya a kowace unguwa, ko da ƙofar masallaci ce, inda za a kai ɗanyen nama da dafaffen abinci tun ranar, kafin ya juya. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta san gidajen marayu da zawarawa, za ta iya jagorantar rabon.

Muna kuma roƙon Sarki ya yi wa shugabannin jami'a magana. Suna da tsangayar likitancin dabbobi da ta aikin gona. Malamai da ɗalibansu za su iya shiga rediyo su koyar da yadda ake adana nama ba tare da wuta ba, da suya mai kyau da kilishi da dambu, har da sa wa fata gishiri, domin fatun layya ma ruɓewa suke yi a banza. Matasanmu a shirye suke su yi dako da baburansu kyauta.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi.

Talakawanka masu biyayya,
a madadin mazauna unguwannin da aka ambata.