A Duba Rufi Kafin A Yi Fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan manyan zaurukan taro, tunda a Katsina ma kusan kowace shekara sai an ga sabo ya tashi.

Babbar cibiyar taro ta ƙasa da ƙasa da ke Abuja, kamfanin Julius Berger ne ya gina ta a zamanin Janar Babangida, domin taron shugabannin ƙasashen Afirka na 1991. A 2025 aka yi mata gagarumin gyara, aka sa mata sunan Shugaba Tinubu. Ko gini irin wannan sai da ya nemi hannu, balle namu.

Daga sama ɓarna take farawa. Rufin kankare yana bukatar gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. In babu, ko kuma leda da ƙasa suka toshe indararo, ruwa zai kwanta, ya ratsa kankaren, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, siminti ya tsage. Kafin a ga tabo a silin, aikin gama ya gama. A share indararo a watan Afrilu, kafin ruwan farko. Magina na da sun san wannan, shi ya sa ba sa barin damina ta riski soro ba a yi masa yaɓe ba.

Sai amsa-kuwwa. Akan shimfiɗa tayil ƙasa da bango, sannan a ɗora wa lasifika laifi! Kafet da labule mai kauri su ne magani.

Da hunturu kuma, a riƙa wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki duk mako biyu. Ƙofofin fita su buɗe waje, kada a garƙame su da kwaɗo ana cikin taro.

Wani injiniyan gine-gine,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.