Kafin gwamnati ta sake sayen kwamfuta: wasiƙa daga Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Barka da aiki, kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Sana'ata gyaran kwamfuta da haɗa wutar sola a nan Damagaram. Ban taɓa zama inda ake tsara kasafin kuɗin ƙasa ba, amma abin da aka saya da kuɗin, in ya lalace, a kan teburin irinmu yake ƙarewa. Shi ya sa na ga ya dace in sa baki a maganar da ake ta yi a rediyo da wuraren taro, ta mayar da ayyukan gwamnati kan na'ura.

Ba wanda bai san halin da baitulmali ke ciki ba. A watan Oktoban 2023, bayan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da tsayawar tallafin waje, an zabge kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100, daga kusan miliyar 3,290 na sefa zuwa miliyar 1,980. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma tsaro na cin nasa, ga albashi, ga bashi, ga ruwan sha da mu mutanen Damagaram muka fi kowa sanin wahalarsa. Duk dalar da aka ware wa fasaha a irin wannan lokaci, daga bakin wani aiki aka ciro ta. Ina cikin masu son a ware. Roƙona shi ne a daina ƙirga nasara da yawan na'urorin da aka raba ranar buɗe aiki, a koma ƙirga waɗanda ke kunnuwa bayan shekara uku.

An taɓa kira na wani ofishi a wata ƙaramar hukuma ta karkara. Ɗaki ne mai kyau, an sha fenti, kwamfutoci na jere an lulluɓe su da zane. Da na kwance bayan ta farko sai na tarar ƙurar hunturu ta daskare a kan fanka har ba ta juyawa, zanzaro kuma ya gina gidansa a kusurwar da wuta ke shiga. Baturan solar sun kumbura, domin an jibge su a ƙarƙashin rufin kwano, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, kuma ba wanda ya taɓa gaya wa maigadi cewa ana ƙara musu ruwa, ko ana goge faifan da ke kan rufi. Duk wannan aikina ne, na gyara. Abin da ya fi ƙarfina shi ne manhajar. Tana neman kalmar sirri, kamfanin da ya saka ta ya gama kwangilarsa ya tafi, ma'aikacin da aka horar kuma an yi masa canjin wurin aiki. Sakataren ofishin, dattijo mai natsuwa, ya ce mini, "Yaro, mun koma kan babban littafinmu, shi ba ya jiran kowa." A cikin mutanen nan babu ɓarawo, babu malalaci. Aikin ne aka ba shi kuɗin saye, aka hana shi kuɗin riƙo.

Mu nan garin dawaki ne, kuma ko yaro ya san kuɗin doki ba ya ƙarewa ranar ciniki: akwai harawa, akwai dusa da kanwa, akwai mai kula da shi safe da yamma. Na'ura ma haka take. Batir yana da shekarun da zai yi ya mutu, intanet kowane wata ake biyansa, injin buga takarda yana shan tawada, wata manhajar sai an sabunta lasisinta kowace shekara, mai gyara yana buƙatar albashi da man babur da zai kai shi Tanut ko Gure. Da za a ji tawa, da ba a sa hannu a kan wata kwangilar na'ura ba sai an ajiye takarda a gefe mai nuna abin da riƙonta zai ci cikin shekara biyar, da aljihun da za a ciro kuɗin. In kuɗin riƙon ofishi goma bai samu ba, a yi huɗu su rayu.

Sai maganar wuta, wadda masu rubuta ayyuka kan wuce ta da layi ɗaya. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a ƙasar nan. Mun kuma ga abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokacin take ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha, ta yanke layi. Duk tsarin da ba zai iya aiki da ƙaramar sola ba, ya adana bayanai in babu rezo, ya tura su in rezo ya dawo, ba don mu aka yi shi ba.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma sun ɗanɗana wannan. Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da dubu 800 ta raba wa ɗalibai, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012, bayan ya duba makarantun karkara 319, bai ga ƙarin ƙoƙari a lissafi ko karatu ba. Na'ura ta iso, malami bai samu isasshen horo ba, darasi bai canza ba.

Akwai abin da aka yi daidai, kuma ya kamata a faɗa. Wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da Bankin Raya Afirka ya tallafa aka shimfiɗa, mai tsawon sama da kilomita 1,000, reshenta ɗaya daga nan Damagaram ya tashi ya bi ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. Irin wannan jarin gwamnati ce kaɗai ke iya sa shi, kuma zai daɗe. Sai dai waya da ke kwance a gefen hanya ba ta amfanar kowa sai an ja ta zuwa cikin gini. Kafin a ƙaddamar da wani sabon abu, a fara haɗa asibitoci da ma'aikatun magajin gari da manyan makarantun da wayar ta wuce ta ƙofarsu. An riga an biya mai tsadar, ɗan guntun da ya rage shi ne mai arha.

Na'urar da ta fi kowace yi wa talakan Nijar aiki kuwa, gwamnati ba ta sayi ko ɗaya ba. Ƙaramar salula ce mai maɓallai, wadda ake cajinta a rumfar kasuwa. Wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwanninmu daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa na iya tambayar kuɗin gero kafin ya ɗora buhu a mota. A 2009 da 2010 an gwada koyar da yaƙi da jahilci haɗe da salula a ƙauyukan Doso da na nan jihar Damagaram, kuma manyan da suka koya da waya sun fi sauran riƙe rubutu da lissafi. A Togo, cikin Afrilun 2020, gwamnati ta buɗe shirin Novissi: mutum ya danna *855#, ya sa lambar katin zaɓensa, tallafi ya shigo masa a waya, mata jaka 12 da ɗoriya a wata, maza jaka 10 da rabi. Sama da mutum dubu 500 suka samu a zagayen farko, ba tare da an gina ofishi ko an raba kwamfuta ba. Abin da Togo ke da shi a hannu shi ne rajistar da aka yarda da ita, da hanyar biya da mutane suka riga suka saba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, wato takardar haihuwa. In da kuɗin aiki ɗaya tak gare mu, nan zan ce a zuba shi. Duk shekara in lokacin haɗa takardun jarabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ya zo, shagona cika yake da iyaye masu neman a yi musu kwafi. Wata uwa za ta kwance bakin zane ta fiddo takarda da ta tsage a kan ninki, tawada ta koɗe, sunan uba a rubuce iri ɗaya, a makaranta kuma an rubuta shi wani iri. Wata ba ta da takardar ma sam. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa, wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta kotu, da shaidu, da kuɗin mota, da ranakun da ya bar gona. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 64 cikin 100 ne kawai na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista. Waɗanda aka yi wa ɗin ma, sunayensu na cikin manyan littattafai da ke jibge a kan kanta, gara na ci ta ƙasa, yoyon rufi na ci ta sama. Ruwan da ya kada tsohon masallacin Birni a Satumbar 2024 ba zai tausaya wa takarda ba. In littafi ɗaya ya jiƙe, ɗaruruwan mutane ne suka rasa shaidar cewa an haife su.

Aikin da ake buƙata a nan ba shi da ƙyalli, shi ya sa ba a cika ɗokinsa ba. A ɗauki hoton kowane shafi, a shigar da sunaye ɗaya bayan ɗaya, a ba kowane mutum lamba guda da za ta bi shi har kabari, a ajiye kwafi a Yamai da wani wuri na biyu. Ungozoma a asibitin ƙauye ta iya sanar da haihuwa da salularta ranar da aka haihu. Wanda aka haifa a Mirya yake zaune a Agadas ya karɓi takardarsa a can. A kan wannan rajista ce makaranta da asibiti da tallafin abinci da fansho za su tsaya. Estoniya, ƙaramar ƙasar Turai da ake yawan ambato a taruka, mutanenta ba su kai rabin na jihar Damagaram ba, kuma halinmu da nasu ba ɗaya ba ne, amma jerin da suka bi abin dubawa ne: tun 2001 suka fara da haɗa rumbunan bayanan ma'aikatu su riƙa magana da juna, suka kuma kafa ƙa'idar cewa hukuma ba za ta tambayi ɗan ƙasa abu ɗaya sau biyu ba. Mu kuwa kowane shiri da ya zo da kuɗin mai tallafi sai ya yi nasa ƙidayar, da nasa katin, da tasa manhajar, in ya ƙare duk su tafi tare.

Irin wannan aikin yana iya maido da kuɗinsa. A Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗin Najeriya ta sanar da cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi bayan tantance su da lambar banki, abin da ya rage mata kusan naira biliyan 2.3 a kowane wata. Haka harajin kasuwa da na tasha: in mai rumfa a Kasuwar Dole ya biya ta waya, saƙon shaida ya shigo masa nan take, shi ya huta da gardama, magajin gari kuma ya san abin da ya shiga asusu kafin rana ta faɗi. A fara da ayyukan da ke toshe ɓaraka, abin da aka tsira da shi a gina na gaba.

Game da kwangila, sharaɗi biyu nake so a rubuta baro-baro: bayanan na ƙasa ne, makullin manhajar kuma yana hannun hukuma, ta yadda in kamfani ya tafi wani zai iya ɗorawa. Akwai manhajojin da ba a biyan lasisinsu, kamar DHIS2 ta jami'ar Oslo, wadda ma'aikatar lafiyarmu ke tattara alƙaluman asibitoci da ita. Kuɗin da za a ba wa lasisi gara a ba wa mutum. Jami'ar André Salifou tana nan a garinmu tana yaye matasa, da yawansu suna zaune ba aiki, wasu na tuƙa kabu-kabu. A ɗauki ko da biyu a kowace gunduma, a horar da su, a ba su babur da akwatin kayan aiki. Yanzu abin da ake yi shi ne jiran ƙwararre ya taso daga Yamai, kusan kilomita 900, a biya masa mota da masauki, don matsalar da wani lokaci fis ne ya ƙone.

Kuma tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bai kamata a sake biyan kuɗin manhajar da ke yi wa manomi magana da Faransanci kaɗai ba. A sa Hausa da sauran harsunanmu, a sa murya don wanda ba ya karatu. A bar ƙofa a buɗe ga tsohuwar da ba ta da waya, ta samu mutum a ofishi ya saurare ta. Hukumar kare bayanan jama'a kuma a ba ta ƙarfin da za ta san wanda ya leƙa sunan wani da dalilin leƙawar, domin in mutane suka ji tsoron rajista ba za su shiga ba.

Malam Edita, ina roƙonka abu ɗaya da jarida ke iyawa, mu ba ma iyawa. Ka tura wakilinku ya zaga ofisoshi da makarantu da asibitocin jihar nan da aka ba kwamfuta cikin shekara goma da suka wuce, ya ƙirga nawa aka kawo, nawa ke aiki, me ya kashe sauran, ku buga sakamakon kafin a zauna kan kasafin baɗi. In ya iso Damagaram ya tambayi masu gyara, za mu raka shi, mu buɗe masa bayan na'urorin ya gani da idonsa.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta da haɗa sola,
Sabon Gari, Damagaram