Uwa ma tana da suna, a bar mata ɗan lokacinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ya haƙuri da jama'a. Dan Allah ku ɗan ba ni fili a jaridarku in amayar da abin da ya daɗe yana ci min rai. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Gujungu a ƙaramar hukumar Taura, yarana uku, babban shekara 6, mai bi mishi 4, ga ta goye wata 14. A waya nake karanta ku da daddare in yara sun yi barci kuma in akwai caji.

Abin da ya sa na ɗauko rubutun nan, kwanaki na kai ta goye rigakafi asibitin garinmu, muna zaune a benci ma'aikaciya tana kiran suna daga kati. Sau uku ta kira sunana na yanka ina ji amma wallahi ban gane ni ake nufi ba, sai da maƙwabciyata ta taɓa ni tace Maman Abba ke fa ake kira. Na tashi na je aka yi abin da za a yi, amma duk hanyar dawowa ina lissafi, yaushe rabon da wani ya kira ni da sunan nan? Tun rasuwar kakata. Maigida ba ya faɗa, dangin miji da amarya suka fara, da na haihu aka koma Maman Abba, har ƴar tawa mai shekara 4 in ka tambaye ta sunan babarta abin da za ta ce ke nan.

Kar wani ya ce ina ƙin alkunya. Sam. Alkunya girmamawa ce, har Nana A'isha da ba ta haihu ba ana mata alkunya da Ummu Abdullahi, kuma ranar da aka fara ce min Maman Abba daɗi naji har cikin raina. Yaran nan kyautar Allah ne, akwai mata da yawa da suke kuka dare da rana suna roƙon ko ɗaya, na sani. Sunan ba shi ne damuwata ba, abin da ya tafi tare da sunan shi ne damuwar.

Ni fa na gama sakandare, na rubuta NECO, a ajinmu in malamin lissafi ya rasa mai fitowa allo ni yake kira. Na haddace izu goma sha biyu kafin aure. Na iya ɗinki, keken ma babana ya sayar da tumaki ya sa min a kayan ɗaki yace kar ki yarda ki zauna haka. To shekara biyar cur keken nan yana kusurwar ɗaki an mai da shi wajen jibge wankin yara, izu goma sha biyun nan kuwa in na ce muku huɗu sun tsaya daram na yi ƙarya. Daga asuba hura wuta, koko, wanka, shara, wanke-wanke, surfe, a kai niƙa, wannan ya yi kashi wancan ya faɗi wannan tana neman nono, kafin ka ɗaga kai la'asar ta yi ana maganar tuwo. Ran da na fi jin abin shi ne da ƙanwata ta tambaye ni wai Yaya ke me kike so in kawo miki daga Kano, na buɗe baki sai naji ina lissafo takalmin Abba da maganin tarin ƙaramar. Tace a'a ke nake tambaya. Shiru na yi, na rasa me nake so.

In ka faɗi irin wannan a cikin mata sai a ce haƙuri, iyayenmu ma haka suka yi. To ni a nan nake da ja, dan na ga rayuwar kakata da idona. Ta haifi tara, amma duk yankinmu da sana'arta aka san ta, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ranar Lahadi kayanta har kasuwar Gujungu ake kaiwa, tana da awakinta tana da adashinta, ba ta taɓa jiran kowa ya saya mata zani ba. Ta yaya ta iya? Saboda ba ita kaɗai take raino ba. Gidan gandu ne, mata sun fi goma a tsakar gida ɗaya, girki ana karɓa-karɓa. Haihuwar fari mace ta tafi goyon ciki gidansu, a yi mata wankan jego da kunun kanwa har ta yi arba'in ba ta ɗaga ko tsinke, in lokacin yaye ya yi a kai yaro wajen kaka, wani ɗan ma goggo ta ɗauke shi riƙo gaba ɗaya, ga ƴar raino a kowane ɗaki. Yanzu gandu ya watse, kowa ya ja katangarsa, ƴan matan da suke goyo suna makaranta (kuma hakan shi ne daidai, ni ba zan cire ƴar kowa daga aji dan ta goya min ɗa ba), maza da an gama girbi sun tafi cirani. Aikin da hannu goma ke yi ya dawo kan hannu biyu, amma wa'azin haƙurin bai canza ba ko kaɗan.

Ga kuma kwanika. Tsakanin ta biyu da ta ukun da sauƙi, amma na farko yana wata 13 na samu ciki, ga goyo ga laulayi, wannan shekarar ko madubi ban tuna na duba ba. Allah da kansa a Suratul Baƙara aya ta 233 ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa ga wanda yake son cikawa, iyayenmu ma abin kunya suke ɗaukar kwanika. Maganar tazarar haihuwa ya kamata miji da mata su zauna su yi ta ba tare da ana zargin matar da ƙin zuri'a ba. Akwai kuma matan da bayan haihuwa suke shiga wata irin damuwa, kuka ba dalili, ba barci, ba son magana, sai a ce iska ce a yi ta hayaƙi, alhali ciwo ne da asibiti suka san shi kuma ana magani.

Maza dan Allah ku ji ni da kyau, ba faɗa nake ba. Namiji in an yi mishi haihuwa ba abin da yake raguwa a jikinsa, majalisarsa tana nan, teburin mai shayi yana nan, gidan kallon ƙwallo yana nan, abokai suna kiransa da sunan da suka san shi tun yarinta. Na san wahalar gona ba wasa ba ce, na san tsadar taki da abin da ake sha kafin a kawo kwanon gero gida. Amma awa ɗaya fa? Da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita, yana cikin Bukhari. A Bukharin dai mata suka je suka ce maza sun rinjaye mu a wajenka, ka ware mana rana, kuma ya ware musu. Bai ce ku koma ku yi raino ba. Nan ƙasar Hausa Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar aure ce mai ƴaƴa, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa Ƴan Taru tana tura jajoji ƙauyuka suna koyar da mata irina. Muna sa wa makarantu sunanta amma matar gida ta ce za ta je islamiyyar dare sai a ce wa zai riƙe yaron.

Iyayenmu surukai ku ma ina roƙonku. Kun fi kowa sanin zafin abin nan. In kin ga matar ɗanki ta zauna da littafi ko ta hau keke kar ki ce son jiki ne, karɓi jikan nan ki ɗan jijjiga shi, ai ke ma wata ta karɓar miki.

Bari in faɗi abin da na yi ko wata za ta amfana, ba wani babban abu ba ne. Bayan ranar asibitin nan na samu maigida da daddare bayan ya ci abinci, nace Malam ina da magana, na faɗa mishi duk abin da na rubuta a sama har da kukana. Bai ce komai ba a daren, amma ranar kasuwa sai ga shi da man keke da allura da bel sabo, Allah ya saka mishi da alheri. Sai muka yi shawara da facalata, Talata da Asabar daga azahar zuwa la'asar ta haɗa yarana da nata, Litinin da Laraba ni in riƙe nata ita ta yi awararta. A wannan ɗan tsakanin nake ɗinki, yawanci gyara ne da kayan makarantar yara, kuɗin ba yawa amma na shiga adashin mako da guminna, ɗaukar farko na sayi ƴar akuya. Bayan sallar asuba kafin in hura wuta ina tilawar shafi biyu, ko da ta goye tana cinyata. Ba kullum abin yake tafiya ba, wani satin zazzaɓi ya kwantar da yara duka komai ya tsaya, lokacin girbi kuwa ba a ma maganar. Amma ranar da wata mata ta yi sallama tace nan ne gidan mai ɗinki, na daɗe ban ji sanyi a raina irin na ranar ba. Kuma na lura na rage yi wa yaran tsawa, Abba ma yanzu shi yake zura min zare.

Roƙona ga hukumar ilimin manya ta Jigawa da masu islamiyyun matan aure, ku duba lokacin da kuke sa darasi, ku yarda mace ta zo da goyonta, in da hali a samu dattijuwa ɗaya da tabarma a gefe tana kula da yaran ana ba ta ɗan wani abu. Da yawanmu abin da ya hana mu ke nan, ba ƙin karatu ba. Ku kuma jarida, shafin mata kar ya tsaya a girki da gyaran jiki da yadda ake tarairayar miji, ku shigo ƙauye ku tambayi masu goyo me suka iya kafin aure kuma ina abin ya tafi. In kun zo Gujungu ranar Lahadi ku ƙaraso, ni da facalata za mu tara muku mata.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku,
Wata mai ɗinki daga karkarar Taura, Jihar Jigawa