Mamana, kada ki raina yumɓun Alkaleri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya kuma Bauchi? Mu nan Gombe kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Ummanku ta shaida mini kin yanke shawara: a cikin injiniyancin sinadaran da kike karantawa, ɓangaren sababbin kayan ƙira za ki fi mayar wa da hankali, kuma a kansa kike son yin binciken kammala digiri. Ta ce Baffanku ya kira ki ya yi ta faɗa, wai ga man fetur Allah ya kawo mana har ƙofar gida a Kolmani, ke kuma kin ɓige da wasa da yumɓu da toka. Kin san ni da waya, ba na iya doguwar magana a cikinta, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Kada ki ji haushin Baffanku. Tun da NNPC ta ba da sanarwar gano man a 2019, marigayi Shugaba Buhari kuma ya je ya ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022, duk mai ɗa a jami'a daga Alkaleri har Akko a can ya rataya burinsa. Allah ya tabbatar mana da alherinsa. Sai dai in kun sake magana, ki gaya masa cikin ladabi cewa matatar ma ba ta motsi sai da irin abin da kika zaɓa. Ɓangaren ɗanyen mai da ya yi kauri ba ya komawa fetur sai an fasa shi a kan wani gari da ake kira ziyolait, wanda jikinsa duk ƙofofi ne da ido ba ya gani. Ƙasar nan da dala take sayo shi daga waje. Silika da alumina ne asalinsa, su ne kuwa ke cikin kawolin, farin yumɓun nan da ake loda wa manyan motoci a Alkaleri a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna haɗa ziyolait a ɗakin gwaji daga kawolin ɗin Ƙanƙara ta Jihar Katsina. To me ya hana mu daina sayowa? Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki biro.

Ni dai ban shiga jami'a ba, a difloma na tsaya, ƙarfina kuma a ɗakin gwajin siminti na Ashaka ya ƙare. Yadda ake yin siminti ba asiri ba ne, shafi ɗaya ya ishe shi: a niƙa dutsen laim da yumɓu, a ƙona su a tanderu mai juyawa har zafi ya kai digiri 1,450, su dunƙule su zama kilinka, a sake niƙawa da ɗan jifsam don kada kwaɓin ya daskare tun magini bai ɗauki cokalinsa ba. Kowa zai iya haddace wannan. Wahalar ita ce buhun da aka ɗinke yau ya zama daidai da wanda za a ɗinke bayan wata shida, alhali dutsen da ake fasowa yana sauyawa, danshi yana sauyawa, kwal ɗin Maiganga da ake hura wutar da shi ma yau da gobe ba ɗaya ba ne.

Ga yadda muke tabbatarwa. A auna siminti giram 450, yashin gwaji giram 1,350, ruwa giram 225, ba ƙari ba ragi. A kwaɓa, a zuba a ƙananan mazubai na ƙarfe, a girgiza har iskar ciki ta fita. Washegari a ciro sandunan, kowace tsawonta santimita 16, a rubuta mata lamba, a nutsa ta a ruwa. Wasu a fasa su ranar kwana 2, wasu sai ranar kwana 28. Za ki ɗora sandar a bakin injin matsi, ki ja baya, ki zuba wa ma'auni ido yana hawa a hankali, sai ki ji ƙas, ta tsage, ɓarɓashi ya zubo. Lambar da ma'aunin ya tsaya a kai ita za ki rubuta da biro a babban littafi, ta yi miki daɗi ko ba ta yi ba. Lambar nan 42.5 da kike gani a jikin buhu daga wannan fashewar ta fito, kuma a kanta mutum zai ɗora bene ya kwantar da 'ya'yansa a ƙasa.

Saboda haka in kin ji ana cewa ba mu da masu ƙirƙira, kada ki yarda. Ɗakunan ajiyar jami'o'inmu cike suke da kundayen ɗaliban da suka haɗa abu sau ɗaya, a ƙaramar kwalba, aka ɗauki hoto. Wanda zai haɗa shi sau ɗari ya fito iri ɗaya, ya kuma lissafa nawa kowane kilo zai ci, shi ne ya yi mana ƙaranci. Irinsa nake so ki zama.

Na san abin da ke jan hankalinku a wannan fanni, sunaye ne masu ƙyalli irin su nano da girafin. Labarin girafin ɗin ma akwai daɗin ji. A 2004 wasu masana biyu a Jami'ar Manchester ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka riƙa ɓare girafait, baƙin abin nan da ake yin bakin fensir da shi, da salatif har suka samu shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, aka ba su kyautar Nobel a 2010. Darasin da ke ciki shi ne jerin ƙwayoyin abu ke ba shi halinsa: girafait da lu'ulu'un daimon duk kabon ne zalla, ɗaya yana gogewa a takarda, ɗaya yana yanka gilashi. Ki karanta shi, ki fahimce shi sosai. Amma ki lura, an haura shekara 20 da gano girafin, har yanzu ana fama da yadda za a yi mai kyau da yawa kuma da araha. In masu kuɗin duniya suna wannan faman, ɗalibar da wutar ɗakin gwajinta ke ɗaukewa tsakar aiki gara ta zaɓi abin da za ta iya kai shi ƙarshe.

Shi ya sa nake roƙonki kada ki yi wa darussan nan masu gundura riƙon sakainar kashi: lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, tamodainamiks (ilimin zafi da makamashi), tafiyar zafi, saurin haɗuwar sinadarai. Su ne sana'ar. Ummanku tana tuƙa tuwon gidanmu ido rufe, amma ranar biki, in aka ɗora babbar tukunya, wasu mata na daban ake kira, don sun san yadda ƙasa ke kamawa sama bai nuna ba. A masana'anta ma haka ne, kuma dalilin lissafi ne. In kika ninka faɗi da tsawo da zurfin tukunya sau 10, abin da take ci ya ninku sau 1,000, jikinta kuwa, inda zafi ke shiga yana fita, sau 100 kacal ya ninku. Abin da ya huce da kansa a kwalba sai ya tafasa ya yi ambaliya a tanki.

Darussan ƙananan halittu ma kada ki ce na masu aikin asibiti ne. Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, amma aka shafe fiye da shekara goma maganin bai wadaci marasa lafiya ba, domin a 'yan kwalabe ake renon fumfunar da ke fitar da shi. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu injiniyoyin sinadarai a Amurka suka gano yadda za a rene ta a manyan tankuna, ana hura mata iska ana juyawa, ba tare da wata ƙwayar cuta ta kutsa ba. Cikin waɗanda suka tsara masana'antar farko akwai mace, Margaret Hutchinson Rousseau, wadda ita ce macen farko da ta yi digirin digirgir a wannan fanni a jami'ar MIT ta Amurka, a 1937. Na kawo ta ne don masu ce miki aikin maza ne.

In da za ki nemi shawarata kan binciken, kawolin zan ce, kuma ta ɓangaren siminti, ba don nan na fito ba kawai. Dutsen laim in ya ƙone, kusan kashi 44 cikin 100 na nauyinsa iskar kabon ce da ke tashi sama, ban da hayaƙin wutar kanta. Shi ya sa ake lissafa siminti da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. Kawolin kuwa in an gasa shi a wajen digiri 700 zuwa 800, ruwan da ke ɗaure a jikinsa ya fita, jerin ƙwayoyinsa ya wargaje, sai ya zama gari mai kama siminti ya ƙara masa ƙarfi. Masana a Suwizalan da Kyuba da Indiya sun fito da wani haɗi da suke kira LC3: rabi kilinka, kashi 30 gasasshen yumɓu, kashi 15 ɗanyen dutsen laim, kashi 5 jifsam. Yana rage iskar kabon da kusan kashi 40, ƙarfinsa kuma bai gaza na simintin da muka sani ba. Abin da ya fi burge ni, ba ya buƙatar farin yumɓu tas irin wanda masu fenti da takarda ke nema. Mai jaja-jajan nan da masu haƙa ke turewa gefe ma yana yi, muddin kawolin ɗin cikinsa ya kai wajen kashi 40. Ga dutsen laim a Funakaye, ga yumɓu a Alkaleri, ga titi ya haɗa su. Wani dai zai zauna ya auna yumɓun rami-rami, ya gano zafin da ya dace da kowanne, don in wutar ta zarce sai garin ya mutu, ya koma ba ya kama komai.

In kuma ranki bai kwanta da wannan ba, ga ɓuntun shinkafa da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Dadin Kowa, tokarsa kusan duk silika ce. Ga ruwan wasu rijiyoyin Kaltungo da fuloraid ya yi wa yawa har haƙoran yara suna rinewa, alhali gawayin ƙashi yana tsotse shi. Ke da malamin da zai duba aikinki za ku yanke, ni nawa faɗa ne.

Duk wanda kika ɗauka, ki je da ƙafarki ki ɗebo samfurin, kada ki aiki ɗan acaɓa. Ki rubuta wurin, da zurfin, da ranar. Kowane gwaji ki yi shi aƙalla sau uku. In za ki aika samfur wata jami'a a saka a na'urar XRD mai nuna ma'adinan da ke cikinsa, ki raba shi biyu ki ajiye rabi, domin sakamako yakan dawo da lambar wani. Ina jin labarin ɗaliban da ke zama a shagon kwamfuta su ƙera lambobin da za su ba da layi mai kyau, wasu ma su sayi kundin gaba ɗaya. Mamana, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan sana'a ba maƙaryacin kaɗai ke faɗawa ciki ba. In gwaji ya ƙi, ki rubuta ya ƙi, ki nemo dalili. Malamin kirki ya fi son wannan.

Sai maganar lafiyarki, wadda ita ce ke hana Ummanku barci. Gari mai laushi ya fi ruwan batir haɗari, don shi ba ya ƙuna balle ki janye hannu. Ƙurar silika a huhu take zama, sai bayan shekaru ta bayyana, kuma ba ta da magani. Kin tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ki sa takunkumi na gaske duk lokacin niƙa ko tankaɗe, ba ƙyallen kasuwa ba. Hijabin shiga ɗakin gwaji ya zama ƙarami, na auduga, ki cusa shi cikin farar riga. Na roba in ya ga wuta narkewa yake ya manne a fata, mai faɗi kuma injin da ke juyawa ba ya tambaya kafin ya ja. Asid ake tsiyayawa cikin ruwa, a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Kuma kada ki tsaya aiki ke kaɗai da dare, komai matsin lokaci.

Horon masana'anta na wata shida da za ku fita, kada ki bari a ajiye ki a ofis mai sanyi kina cika takardu. Ki nemi hular kwano da takalmin aiki ki shiga ciki. Ki gaida masu kula da injin, ki tambaye su, ko da takardarsu ba ta kai taki ba. Akwai wanda daga launin wutar tanderu zai gaya miki kilinka ta ƙonu ko da saura, tun sakamakon gwaji bai fito ba. Shi ya san abin da ke faruwa, ke kuma an koya miki dalilinsa, in kuka haɗu aikin zai yi kyau. Batun digiri na biyu da tallafin karatu na PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, ki riƙe makinki da kyau tukuna, ba a fafe gora ranar tafiya. Za mu zauna a kansa in kin zo hutu.

Na sa kuɗin takalmin da tabaran kariya a asusunki, ki duba ki sanar da ni. In za ki je Alkaleri ɗebo yumɓun, ki faɗa da wuri, yayanki zai same ki a Bauchi ya raka ki, ku tafi da buhuna masu tsabta da alƙalamin da ba ya gogewa. Ummanku ta ce a gaya miki yajin da kika nema yana hanya. Ƙannenki suna gaishe ki. Ki kira Baffanku ranar Juma'a ki gaishe shi, ko bai sauko ba.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki, ya ba ki ilimi mai amfani.

Wassalam,
Mahaifinki