Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Sababbin Littattafai Sun Iso Ɗakin Karatu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon yaranmu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina farin cikin sanar da ku cewa littattafan da aka yi alkawari a taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce sun iso. An shigar da su rajista, an buga musu hatimin makaranta, kuma daga ranar Litinin mai zuwa kowane ɗalibi daga aji biyu zuwa aji shida zai iya aron littafi guda ya tafi da shi gida na tsawon mako ɗaya. Wannan shi ne dalilin wasiƙar, saboda haka ina roƙon a karanta ta har ƙarshe, kada ta kwana a jakar yaro kamar wadda ta gabace ta.

Godiya ta farko ta tabbata ga iyayen da suka ba da gudummawa ba tare da an bi su gida ba, Allah Ya saka musu da alheri. Ta biyu kuma ga malamarmu mai kula da ɗakin karatu, wadda ta sadaukar da ranakun hutunta ta zauna da almakashi da leda tana yi wa kowane littafi riga, har bangon da ya fara ɗagowa sai da ta bi shi da gam. Babu wanda ya sa ta. Da kowa zai riƙi aikinsa yadda ta riƙi nata, da maganata ta ragu a taron malamai.

Ga ƙananan azuzuwa mun sayi littattafai masu hotuna da manyan baƙaƙe, yawancinsu da Hausa, wasu kuma Hausa a shafi ɗaya Turanci a ɗayan. Akwai tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ciki har da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda da yawa daga cikinku kun karanta a firamare. Akwai kuma ƙananan littattafan kimiyya da ke bayyana yadda hadari ke haɗuwa, da yadda sauro ke yaɗa zazzaɓi, da abin da ke sa iri ya tsiro.

Ga 'yan aji biyar da shida kuwa, kaso mafi girma sabon bugu ne na tsofaffin littattafai, kuma na ji ƙorafin da aka yi a kan haka, wai an ce za a sayi sababbi sai ga shi an kwaso na zamanin kakanni. Amsata ita ce littafin da yaro bai taɓa buɗewa ba sabo ne a wurinsa, kuma mu mutanen Zazzau mu ne na ƙarshe da ya kamata mu raina waɗannan. A garin nan Hukumar Talifi ta shirya gasar ƙagaggun labarai a shekarar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko. A nan Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, a nan kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939 yana editanta. Yaranmu suna wucewa ta unguwar Gaskiya a cikin a-daidaita-sahu, suna jin kwandasta na kiran sunan, amma da malamin Hausa ya tambayi 'yan aji shida daga ina unguwar ta samo suna, ajin ya yi tsit. Laifinmu ne mu manya, malamai da iyaye baki ɗaya.

Wanda zai fara, ya fara da Magana Jari Ce littafi na ɗaya, domin labaran gajeru ne, aku ne ke ba ɗan sarki su ɗaya bayan ɗaya don ya hana shi fita, kuma kowane ana iya gama shi a zama guda. Ruwan Bagaja yana sa yara dariya saboda ramuwar da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Shaihu Umar kuwa ina ba da shawara uba ko uwa su riga yaron karantawa, domin labarin bauta ne da uwar da ta bi sawun ɗanta har cikin hamada, kuma yaro mai hankali zai zo da tambayoyin da bai kamata a ce masa "yi shiru" a kansu ba.

Mun ware kanta guda ta iyaye. A kai akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda aka buga a 2006, shi ba a fita da shi sai dai a duba a nan, da littattafan tarbiyya da na kiwon lafiyar iyali, da na tarihin ƙasar Hausa. Duk mai buƙata ya zo da kansa ranar Alhamis bayan an tashi, ya sa hannu ya ara. Tun da an zo kan karatun manya, bari in faɗi abu guda ba tare da kama suna ba: littattafan soyayya na manya ne, a cikinsu akwai masu ma'ana ƙwarai, amma ba wurinsu ba ne jakar 'yar aji biyar, kuma mun tsinci wasu a can. A riƙa adana su inda hannun yara bai kai ba.

Abin da nake nema daga gare ku bai wuce minti 15 a rana ba, ko bayan an dawo daga Islamiyya, ko bayan sallar isha'i kafin barci ya kwashe su. A zaunar da yaro ya karanta da ƙarfi. Idan ya yi tuntuɓe da kalma, a bar shi ya haɗa gaɓoɓinta da kansa, kada a yi saurin faɗa masa, kada kuma a daka masa tsawa, domin yaron da ake zagi a kan littafi tsanar littafin yake yi. In ya kai ƙarshen shafi a ce ya rufe ya ba da labarin da bakinsa, a nan ake gane ko ya fahimta ko haddar baƙaƙe kawai yake yi. Iyayen da ba su yi boko ba kada su ce wannan bai shafe su ba, kunne kawai ake bukata, kuma kaka ta fi kowa sanin inda aka karkata tatsuniya. Maganar nan ta fi shafar iyaye maza, waɗanda suka saba barin komai na makaranta a hannun uwa. Wanda ke da lokacin zama a majalisa har dare, yana latsa waya, ba zai rasa kwata ɗaya na ɗansa ba.

Sai batun kulawa, wanda ba na jin daɗin maimaita shi. A bara wani littafi ya dawo da shatin man ƙosai tun daga bango har tsakiya, wani kuma ya dawo babu shafuka na ƙarshe, an ce ƙane ne ya yage. Bana duk littafin da ya ɓata ko ya lalace, gidan da ya ara su za su sayo irinsa, kuma yaron ba zai sake ara ba sai an kawo. Wanda zai saya a kasuwa ya buɗe ya duba kafin ya biya, domin bugun jabu ya yi yawa: tawada ta kwanta dishi-dishi, shafuka a juye, ƙugiyoyin baƙaƙe sun ɓace. Irin wannan ba za mu karɓa ba.

A taƙaice sauran batutuwa: masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu, ana rufe ƙofa da ƙarfe takwas saura kwata, kuma tun da sanyi ya fara a tabbatar rigar sanyin kowane yaro tana da sunansa a ciki.

A ƙasan wannan wasiƙa akwai takardar amincewa da sharuɗɗan aro. A sa mata hannu a ba yaro ya kawo wa malamin ajinsa kafin ranar Juma'a, domin wanda bai kawo ba ba za a buɗe masa katin aro ba ranar Litinin.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Shugaban Makaranta